Shekara Uku Kafin Wani Ya Tambaye Ni Abin da Nake Ji

A Kantin Kwari na fara jin muryar. Ina tsaye a shagon kawuna ina auna wa wata mata shadda yadi biyar, almakashi a hannuna, sai wani ya yi magana daga bayana, ƙasa-ƙasa amma raɗau: “Ɓarawo ne, ku dubi hannunsa.” Na waiwaya. Babu kowa sai bandir-bandir na shadda da aka jera har rufi. Na sake auna yadin a gaban matar, na kuma aunawa, har ta ce, “Kai yaro, lafiya? Ai ya cika.” Shekarata 22 a lokacin, farkon 2012 ke nan.

Duk wanda yake Kano a wannan shekara bai manta da ita ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairu bama-bamai suka tashi a gari. Daga nan shingaye suka cika tituna, mai babur sai ya sauka ya tura, kowa yana kallon kowa da ayar tambaya. Shi ya sa da na fara cewa ana bibiyata, babu wanda ya kawo ciwo a ransa a gidanmu. Yayana ya ce, “Kowa ma a tsorace yake, ka yi ta addu'a.” Ni kuma abin da yake cikin kaina ya wuce tsoro. Na yi imani, imanin da ba ya girgiza, cewa an rubuta sunana a wata takarda, kuma duk motar da ta tsaya a bakin layinmu saboda ni ta tsaya. Na cire layin wayata na ƙulle shi a leda na binne a bayan gida. Idan mai labarai ya yi tari a rediyo, sai in ce ishara ce yake yi wa masu nemana.

Muryar ta zama biyu. Maza ne, kuma ba da ni suke magana ba, zancena suke yi a tsakaninsu. “Ga shi ya tashi.” “Zai ɗauki buta.” “Alwalar ma ba ta yi ba.” Haka tun daga asuba har dare. Ina so mai karatu ya gane wani abu a nan, domin shi ne abin da mutane suka fi kasa ganewa: ba tunani ba ne, ba kuma waswasi ba ne irin wanda kowa ya sani. Ji nake yi da kunnena, kamar yadda nake jin kiran salla daga masallacin unguwarmu. Idan wani ya ce mini babu kowa, sai in ɗauka ko dai ƙarya yake yi, ko kuma da shi aka haɗa baki.

Na daina zuwa kasuwa. Na daina zama a majalisa. Wanka ya gagare ni, barci ya ƙaurace mini. Daga baya abin ya kai ga abinci.

Wannan shi ne abin da har yau ba na iya tuna shi ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba. Umma ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka bayan magariba, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Muryoyin suka ce an barbaɗa wani abu a ciki. Na ture kwanon da ƙafa. Ba ta ce komai ba, ta wanke hannu, ta zauna a kan tabarma, ta gutsuri loma ta kai baki tana kallona, ta sake gutsura. Ta ce, “Ka gani? Ni na tuƙa shi da hannuna. Ci ko kaɗan ne.” Na dube ta na ce ai ke an ba ki makari. Matar da ta haife ni, ta goye ni. Ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga cikin miyar. Wata da watanni sai ta ci rabin abincina kafin in yarda in taɓa sauran.

Daga nan kowa ya kawo nasa bayanin. Goggona ta ce sammu ne, tunda kawu ya damƙa mini makullin shago ya bar waɗanda suka riga ni zuwa. Wasu suka ce aljana ce ta aure ni. Wasu a unguwa suka ce shaye-shaye ne, kawai iyayena ba sa son faɗa. Aka shiga nema. Na sha rubutu, na sha tofi, an yi mini hayaƙi har idona ya kumbura. An yi mini ruƙiyya ba sau ɗaya ba. Ba zan taɓa aibata karatun Alƙur'ani ba, domin akwai dararen da ba abin da yake sanyaya mini zuciya sai Baba ya zauna a gefena yana karanta Falaƙi da Nasi yana shafa mini kai. Amma muryoyin ba su tafi ba. Akwai kuma wanda ya zane ni da bulala yana cewa ba ni yake duka ba, aljanin yake duka. Ni na kwana da tabon.

A 2014, bayan na fita da tsakar dare an tsinto ni a wajen Kurna babu takalmi, aka kai ni gidan mari. Ba zan faɗi inda yake ba. Wata bakwai na yi da ƙarfe a ƙafa. A ɗaki ɗaya aka haɗa mu: mai shan ƙwaya, da yaron da ya gagari iyayensa, da irina da ba mu san ma dalilin zuwanmu ba. Abin da zaman ya ƙara mini shi ne tabbaci. Na daɗe ina cewa za a kama ni a ɗaure, ga shi kuwa an kama ni an ɗaure. Umma ta sayar da 'yan kunnenta na gwal don biyan kuɗin wurin. Ba na riƙe iyayena a zuciya ko kaɗan. Iyakar abin da suka sani suka yi, kuma da ƙauna suka yi shi. Lokacin da aka nuna mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da sarƙa a ƙafafunsu, Baba tashi ya yi ya bar ɗakin. Ban bi shi ba, ban kuma taɓa tayar masa da maganar ba.

Limamin unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya karkato da mu. Ya zo duba ni bayan an dawo da ni gida, ya ga yadda na rame, ya ga idon sawuna. Ya ja Baba soro ya ce, “Alhaji, ku kai yaron nan Dawanau.” Baba ya ce, “Allah gafarta Malam, a ce ɗana yana Dawanau? Wa zai auri ƙannensa mata?” Duk ɗan Kano ya san nauyin wannan magana. Dawanau gari ne mai babbar kasuwar hatsi, amma idan aka ce an kai wane Dawanau, ba wanda yake kawo gero ko masara a ransa, asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke can ake nufi. Liman ya karanta masa hadisin da ke cikin Buhari, cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani. Ya ce, “Idan ƙafarsa ce ta karye, za ka tsaya tambayar abin da mutane za su ce? Ku je, addu'a kuma ba za mu fasa ba.”

A farkon 2015 Yaya da Umma suka saka ni a tsakiya a cikin adaidaita sahu.

Likitan bai yi gaggawa ba. Ya saurari Umma har ta gama, sannan ya juyo gare ni ya ce, “Malam, muryoyin nan da kake ji, da kai suke magana, ko kuwa zancenka suke yi a junansu?” Na yi shiru ina kallonsa. Shekara uku ana ce mini in yi shiru, in yi ta'awizi, in daina surutun banza. Babu wanda ya taɓa tambayata abin da suke cewa. Na ce, “Likita, kai ma kana jin su?” Ya ce, “A'a, ba na jin su. Amma na yarda kai kana ji, kuma na ga mutane da yawa masu ji irin naka.” Ya tambaye ni ko ina jin kamar ana karanta tunanina, ko ana cusa mini tunanin da ba nawa ba. Kamar ya leƙa cikin kaina. A ranar na yi kukan da ban yi ba a gidan mari.

Ya tambayi zazzaɓi, ya tambayi farfaɗiya, ya tambayi ko na taɓa buguwa a ka, aka ɗebi jinina. Ya tambaye ni wiwi, ban ɓoye ba, na taɓa busawa tare da abokai bayan mun gama sakandare. Ya ce tana ƙara haɗarin ciwon, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya, amma ba ita kaɗai ba ce, akwai masu ciwon da ba su taɓa ko sigari ba. Da ya tambayi ko akwai mai irin wannan a dangi, Umma ta yi jim, sannan ta ambaci wani ƙanin Baba da ya rasu a ƙauye tun ina yaro. Ni dai abin da aka gaya mana shi ne iskoki suka taɓa shi.

Sunan ciwon sikizofireniya. Umma ta kasa maimaita shi, har yau “ciwon nan naka” take cewa. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya raɗa masa sunan a 1908, daga kalmomin Girkanci masu nufin tsagewar tunani. Wannan ya sa wasu suke zaton mutum biyu ne a jiki ɗaya, abin da ya yi daidai da zaton mutanenmu na cewa wani ne ya shiga jikin. Ba haka ba ne. Mutum ɗaya ne, ni ne, sai dai ƙwaƙwalwar ta daina tantance abin da ya taso daga cikinta da abin da ya zo daga waje. Yadda likitan ya yi wa Umma bayani ya zauna mini. Ya ce a ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, wanda cikin ayyukansa har da nuna wa mutum abin da ya kamata ya mai da hankali a kai. Idan aikinsa ya wuce kima a wani sashe, sai komai ya zama mai ma'ana: tarin mai labarai, tsayuwar mota, kallon maƙwabci. Sai hankali ya shiga ƙulla labarin da zai haɗa su. Nawa labarin ya ɗauko kayan aikinsa daga shingayen 2012. Da a wani zamani ne ko wani gari, da wani labarin zai ƙulla.

Ya ce ciwon ya fi kama mutum daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa cikin shekaru ashirin da wani abu, kuma maza sukan riga mata farawa. Gado yana da hannu a ciki, amma ba shi ne hukunci ba, domin ko tagwaye masu kama ɗaya, wani yakan kamu ɗan'uwansa ya tsira. Daga baya na karanta ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022: mutum kusan miliyan 24 ne suke da shi a duniya, wato 1 cikin kowane 300. Na yi ta lissafa wannan a kan mutanen da suke cika Kwari a rana ɗaya.

An kwantar da ni, aka fara ba ni haloferidol. Maganin ba ya aiki kamar na ciwon kai. Sai da aka yi makonni. Barci ne ya fara dawowa. Sannan muryoyin suka yi nisa, kamar rediyon maƙwabta ta bayan katanga. Wata safiya Umma ta kawo koko da ƙosai, na miƙa hannu na ɗauka na ci ba tare da na jira ta ɗanɗana ba. Ni ban ma lura ba. Ita ce ta fita waje ta yi sujada a kan siminti.

Ba zan ɓoye wahalar maganin ba, domin ɓoye ta yana cikin abin da ke sa mutane su watsar da shi. Jikina ya sandare, hannuna yana rawa, yawu yana zuba, tafiyata ta koma ta tsoho. Wata rana wuyana ya murɗe gefe guda, Yaya ya ɗauka aljanin ne ya dawo. Ashe illar maganin ce, kuma tana da makari. Aka rage yawansa, aka haɗa mini da Artane, ƙwayar da 'yan shaye-shaye suka ɓata wa suna amma a hannun likita magani ce. Daga baya aka mayar da ni kan olanzafin. Shi bai sandarar da ni ba, sai dai ya buɗe mini ciki, na yi ƙiba, dole ake auna mini suga da nauyi lokaci-lokaci. Akwai risferidon, akwai kuma kulozafin da ake ajiye wa wanda magunguna biyu suka kasa, shi kuma sai da gwajin jini a kai a kai. Wanda ya karɓi wani ba lallai ya karɓi wani ba, shi ya sa ba a aron maganin maƙwabci.

Abin da ya fi ci mini rai da na sani shi ne, maganin farko na wannan ciwo, kulofromazin, tun 1952 aka fara amfani da shi a Faransa. Kafin a haifi Baba ke nan. Ni kuma a 2014 ina zaune da mari a ƙafa, a garin da akwai asibitin Dawanau, akwai kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano.

Akwai wani ɓangare na ciwon da ba a cika maganarsa ba, kuma ni shi ya fi daɗewa a jikina. Bayan muryoyin sun lafa, sai na zama kamar gidan da aka kwashe kayansa. Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki. In zauna tun safe har azahar ina kallon bango, ina so in tashi, amma abin da ke tayar da mutum babu shi. Fuskata ba ta motsi. Aka yi bikin ƙanwata ina zaune kamar baƙo. A nan ne har waɗanda suka yi haƙuri da ni a baya suka fara gajiya. Kawu ya ce, “Yanzu kuma ai ka warke, wannan mutuwar zuciya ce kawai.” Ba lalaci ba ne, ciwon ne, kuma magani bai cika cin wannan ɓangaren da sauri ba. Abin da ya taimake ni shi ne wata ma'aikaciyar jinya da ta zaunar da mutanen gidanmu ta ce kada a yi mini faɗa, kada kuma a bar ni a kwance. A ba ni ƙaramin aiki guda ɗaya kullum. Na fara da ɗebo ruwa. Sai rakiyar Baba masallaci. Sai zuwa shago awa biyu ina ninke atamfa. Ta kuma gaya musu idan na faɗi abin da ba shi ne ba, kada su yi musu da ni, kada kuma su gaskata ni, su ce sun ga abin yana tayar mini da hankali. Yawan faɗa da gori a cikin gida yana cikin abin da ke tayar da ciwon.

A 2017 na yi kuskuren da kusan kowannenmu yake yi. Na ji garau. Na koma kasuwa sosai, ina ciniki, ina dariya. Wani abokina ya ce, “Kai da ka warke, me kake yi da ƙwayar mahaukata? Ita ce ma take kashe maka jiki.” Ni ma na gaji da ƙiba, na gaji da ɓoye katin asibiti a aljihu. Sai na riƙa karɓar ƙwayar daga hannun Umma ina jefawa a kwata. Wata na farko lafiya lau, har na ce ashe gaskiyarsa. A wata na huɗu barci ya fara yankewa. Ban faɗa wa kowa ba. Wata rana da la'asar ina rufe shago na ji an ce, “Ga shi zai saka kwaɗo.”

Wannan karon ya fi na farko tsanani, kuma dawowata ta fi jan lokaci. Likita bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Malam, lafiyar da ka ji, maganin ne ya kawo ta. Mai hawan jini idan awonsa ya yi kyau ba ya jefar da ƙwayarsa.” Muka yi shawara, ni da shi da Yaya, aka mayar da ni kan allurar da ake yi duk bayan mako huɗu. Tana zama a tsoka tana sakin maganin a hankali, babu batun mantuwa, babu batun kwata. Ya sa na rubuta alamomina na farko a takarda na ba Yaya: rashin barci kwana biyu a jere, ƙin cin abincin gida, kashe waya. Muka yi alkawari idan ya ga biyu daga ciki zai kai ni asibiti ko da ina cewa lafiyata ƙalau. Ni na ba shi wannan izini da bakina, ina cikin hankalina.

Na daɗe ina damuwa da sallolin da suka wuce ni, da maganganun da na gaya wa Umma. Liman ne ya sake kwantar mini da hankali da hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Duk da haka na durƙusa na nemi gafararta. Ta ce, “Tashi, ni ban ji komai ba.”

Na yi aure a 2021. Kafin a kai kuɗi na je na sami mahaifin yarinyar da kaina, duk da wasu a danginmu sun ce in rufa wa kaina asiri. Na ce, “Baba, akwai abin da ya kamata ku sani.” Na nuna masa katina, na gaya masa komai har da gidan mari. Gidan farko da na taɓa yin haka, ba su sake amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsu ba. Shi wannan ya nemi mako biyu. Ya aiki ɗansa ya raka ni asibiti ya yi wa likita tambayoyi, har da batun 'ya'ya. Likita ya gaya masa gaskiya: haɗarin ya fi na sauran mutane, amma mafi yawan 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa. Yau matata ce take riƙe da ranar allurata a wayarta.

Ba zan ce na rabu da ciwon ba. Idan gajiya ta yi yawa, ko kasuwa ta yi zafi gab da salla, nakan ji ɗan ƙus-ƙus can nesa. Yanzu na san ko mene ne, sai in rufe shago da wuri in je in kwanta. Kuɗin magani ya yi tsada a 'yan shekarun nan, kuma na san waɗanda muke haɗuwa a layi da suka daina zuwa saboda haka kawai, ba don sun ƙi ba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma fayyace haƙƙin masu irin ciwona. Na yi murna da ita. Amma har gobe idan na ga yara suna bin wani da jifa a bakin titi suna kiransa mahaukaci, tsayawa nake yi in kore su. Ana tsoronmu, alhali mafi yawanmu mu ake cuta, ba mu muke cutarwa ba. Tsakanina da wannan mutumin babu komai sai liman guda da uwar da ba ta gaji ba.

Makon jiya bayan isha'i wani dattijo daga bayan layinmu ya yi mini sallama. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, gaisuwa a kan gaisuwa, sannan ya ce ɗansa mai shekara 19 ya rufe kansa a ɗaki, ya lulluɓe tagogi da bargo, yana cewa ana ɗaukar hotonsa. An ba su shawarar wani gida a bayan gari. Na ɗaga ƙafar wandona na nuna masa idon sawuna. Na ce, “Baba, kafin ku kai shi ko'ina, ku bar ni in shiga in zauna da shi.” Na shiga. Bai kalle ni ba. Na zauna a ƙasa nesa da shi, na tambaye shi ko da shi suke magana ko zancensa suke yi a junansu. Ya ɗago kai.

Jibi ne ranar allurata. Mun yi da mai adaidaita zai zo ƙarfe bakwai, zai ɗauke mu mu uku.